Sakatariyar Ƙungiyar Garkuwar Jiki

Sakatariya ta shiga aikin babban asibitin garin tun tana budurwa, a ɗakin buga takardu da ke ƙarƙashin matakalar bene. Ɗaki ne mai taga ɗaya da tafireta uku, da wata fanka wadda ƙararta ta fi iskarta yawa. Aikinta shi ne ta karɓi rubutun likitoci, wanda su kansu in an mayar musu sai sun tsaya suna jujjuya takardar, ta mai da shi abin da ido zai iya bi. Ba ta da surutu, hannunta kuma na da sauri, don haka duk mai takardar gaggawa teburinta yake nufa.

Mijinta mai gyaran rediyo ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne a kan titin da ya gangara tasha, cike da rediyoyin da masu su suka kawo suka manta da su. A wancan lokacin mutum ne mai barkwanci. Yakan ce wa abokansa ya auri matar da ke rubutu ba ta kallon hannunta, saboda haka ko ya juya baya ya san tana ganinsa.

Ɗansu na fari uban ne ya laƙaba masa Babban Mutum, don in ana yi masa wasa sai ya ɗaure fuska kamar an kawo masa ƙara. Yaro ne ɓul-ɓul, har ya fara zama ko mura bai taɓa yi ba. Daga nan kunnensa ya fara ruwa. Aka yi magani ya tsaya, ba a jima ba ya dawo. Kunne ya lafa ƙirji ya ɗauka, ƙirji ya lafa gudawa ta taso. Nas-nas ɗin ɗakin yara suka saba da shi har suna ce masa ɗan gida. Bai cika shekara biyu ba ciwon huhu ya tafi da shi.

Na biyu shi ne Direba. Murfin tukunya ne ya jawo masa sunan, don da shi yake zagaya tsakar gida yana juyawa da hannu biyu, yana yi wa duk wanda ya tare masa hanya hon da baki. Shi ma lafiya ƙalau ya zo duniya, shi ma da ya fara zama kunnen ya fara ruwa. Wata rana yayar mijin ta zo dubiya, ta kalli yaron ta kalli uwar, ta ce, “Kina wuni cikin marasa lafiya, ki kwaso abin da kika kwaso, ki zo ki rungumi yaro. To me kike jira ya faru?”

Maganar ta zauna wa Sakatariya a zuciya. Daga ranar, in ta dawo daga aiki ba ta barin Direba ya taɓa ta sai ta yi wanka ta sauya kaya. Yaron ya tsaya a ƙofar banɗaki yana bugawa yana kiranta, ita kuma tana ciki tana cuɗa hannuwanta da sabulu har fatar ta fara tsagewa. Hakan bai hana komai ba. Direba ya kai shekara huɗu, kusan rabinsu a gadon asibiti ya yi su.

A kwanciyarsa ta ƙarshe ne wani likita da bai daɗe da dawowa daga karatu ba ya tsaya a kansa. Gajere ne siriri, rigar aikinsa kullum ta yi masa yawa. Ɗalibai sun riga sun sa masa Farfesa tun kafin ya kai matsayin, saboda in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya fara da yadda ake ƙera agogo. Ya karanta fayil ɗin yaron tun daga farko, ya tambayi labarin wansa da ya rasu, sannan ya ɗebi jini ya ce zai aika wa wani abokinsa a ƙasar waje, don a nan babu inda ake irin gwajin. Sakamakon bai iso ba sai bayan makonni da binne Direba. Sanƙarau ne ya ƙarasa shi.

Farfesa da kansa ya sauko ɗakin buga takardu. Ya jira abokan aikin Sakatariya suka fita cin abinci, ya jawo kujera ya zauna. A lokacin tana da ƙaramin ciki.

Ya ce, “Ina so in gaya miki abin da ya sami yaranki, in kina son ji.”

Ta ɗauke hannu daga kan tafireta. “Ina ji, likita.”

“Jikin mutum yana ƙera wasu abubuwa a cikin jini, su ne ke gane ƙwayar cuta su tare ta. Jariri yana zuwa da guzurinsu daga jikin uwarsa, guzurin yakan kai shi kamar rabin shekara. Kafin ya ƙare, nasa jikin ya koyi ƙerawa. Yaranki nasu jikin bai iya ba. Da guzurinki ya ƙare sai suka zauna ba garkuwa.”

“To ba ni nake kwaso musu daga nan ba?”

“A’a. Abin da ke kama su yana cikin iskar kowane gida.”

Ta kalli hannuwanta. Sannan ta ce, “Daga ina suka samo shi?”

Mutumin da ba ya gajiya da bayani, a nan sai ya taƙaita. “Ta wajen uwa yake bi. Mace tana ɗauke da shi ba ta sani ba, ba ya yi mata komai. Maza yake kamawa, su ma ba duka ba.”

“Wato dai ni ce.”

“Hanyarsa na faɗa miki, ban ce laifinki ba ne. Ke ma ba zaɓa kika yi ba.”

Ta tambaye shi ko akwai magani. Ya ce akwai wani ruwa da ake tacewa daga jinin da mutane suka ba da gudummawa, a riƙa ƙara wa yaro duk wata, kuma da shi irin waɗannan yara suke girma har su yi nasu gidan. Amma ba a nan ba. A nan babu ruwan, babu gwajin, likitoci da yawa ma ba su taɓa jin sunan ciwon ba.

Da ta tashi daga aiki ta biya shagon mijinta. Ya saurare ta har ƙarshe bai ajiye rediyon da ke hannunsa ba. Sannan ya ce, “Maganar nan ta tsaya tsakanina da ke. Ko Yaya ba za ta ji ba. Yaran nan namu ne mu biyu, mutuwarsu ma tamu ce mu biyu.” Bai ƙara tayar da zancen ba har abada, amma barkwancin ya tafi. Ranar da ta haihu aka ce masa mace ce, ya jingina da bangon asibiti ya rufe fuska. Masu wucewa suka ɗauka baƙin ciki ne, wani ma ya tsaya yana ba shi haƙuri. Suka kira yarinyar Auta tun tana cikin zani, kuma daga ita ba su ƙara ba.

Auta na rarrafe Farfesa ya sake saukowa, wannan karon da takardu a hannu. Ya ce shi da wasu abokan aiki za su kafa ƙungiyar masana garkuwar jiki, suna neman mai buga musu takardu bayan an tashi. Masu kafawar ba su cika benci biyu ba: shi, da shugaban ɗakin gwajin jini, da wata likitar fata, da wani malamin jami’a mai binciken rigakafi, da wasu ’yan kaɗan. Asibiti ya ba su wani ɗaki a bayan ɗakin gwaji, inda ake tara karyayyun kujeru. Ita ta share shi, ta kori ƙadangaru, ta zaɓi kujerun da za su iya ɗaukar mutum.

A wannan ɗaki ta buga manufofin ƙungiyar, Farfesa yana kai da kawowa yana faɗa tana bi. Suna so duk likitan da ya ga yaro yana ta dawowa da ciwo ɗaya ya tsaya ya tambayi kansa dalili. Suna so a riƙa yin gwajin a cikin ƙasa. Suna so masu binciken rigakafi, da masu duba waɗanda jikinsu ba ya shiri da wani abinci ko ƙura, da masu duba waɗanda garkuwarsu ta juya tana yaƙar jikinsu, su san juna su daina aiki kowa a kusurwarsa. Suna so su raini matasa a fannin. Na ƙarshe, suna so hukuma ta sa ruwan garkuwa cikin magungunan da take kawowa asibitocinta. Da ta zo nan sai ta buga harafi ba daidai ba, abin da ba ta saba ba, dole ta zare takardar ta sake.

Haka rayuwarta ta koma. Da rana aikin asibiti, da yamma ɗakin baya, Auta na goye ko tana barci a kan kwali. Ta buga wasiƙu zuwa asibitocin da ba ta taɓa gani ba. Ta shirya taron shekara, tun ana yinsa a ajin ɗalibai har aka koma zauren taro. Ta liƙa wa mujallar ƙungiya kan sarki da hannunta, ta raka matasan likitoci tasha da kwalayen takardun wayar da kai. Har tafireta ta tafi kwamfuta ta zo, ta koya da tabarau a kan hanci, tana buga maɓallan da ƙarfi kamar sun yi mata laifi.

Wani aikin kuma ba wanda ya ba ta, shi ya zo ya same ta. Da takardun ƙungiya suka fara isa garuruwa, likitoci suka fara turo yara. In Farfesa ya gama bayaninsa, sai uwar yaron ta fito ta tsaya a baranda ba ta san inda za ta nufa ba. Sakatariya takan kira ta ɗakin baya, ta ba ta ruwa, ta ce, “Zauna, ’yar’uwa. Ni biyu na binne.” Sai matar ta zauna. Yawancinsu sun zo a makare, huhun yaran ya riga ya lalace. Waɗanda suka zo da wuri ma abin da ake iya yi musu kaɗan ne: maganin kashe ƙwayoyin cuta, da gargaɗin a guji cunkoso, da haƙuri. Ta san muryoyin iyaye da yawa a waya, ta kuma san irin sallamar da ke nufin ba sai an sake sa yaron a layin ganin likita ba.

Ƙungiyar ta yi ta tafiya, wani lokaci da ƙafa wani lokaci da rarrafe. An ba su kyautar na’urar gwaji, ta shekara a cikin akwatinta don sinadaran da take aiki da su ba su zo ba. An taɓa ɗauke wuta a ƙarshen mako, janareta ya ƙi tashi, jinin da aka tara na bincike ya lalace a firji. Ranar ta ga shugaban ɗakin gwaji, dattijo mai furfura, ya zauna a ƙasa. Matasan da ƙungiya ta tura ƙaro karatu kuwa, kaɗan ne suka dawo. Duk wanda zai tafi sai an ɗauki hoto a ƙofar ɗakin baya, ita ce mai liƙawa a bango. Farfesa yakan tsaya yana kallon bangon ya ce, “Mun iya raino, Sakatariya. Wa muke yi wa dai ban sani ba.”

Mijinta bai ga ƙarshen wannan gwagwarmaya ba. Mutane sun daina kawo gyaran rediyo, amma kullum sai ya buɗe shago ya zauna. Wata rana da la’asar mai shagon kusa ya leƙa ya same shi a kan kujera, kansa a sunkuye, rediyo na ta magana. Hawan jini ne, wanda bai taɓa gaya mata yana da shi ba.

Auta ta girma doguwa, mai baki, ba irin uwarta ba. Ta koyi ɗinki ta buɗe shago. Da wani ɗan kasuwa ya fito neman aurenta, Sakatariya ta zaunar da ita ta gaya mata komai, yadda Farfesa ya gaya mata. Ta ce ba lallai ne tana ɗauke da shi ba, amma yana yiwuwa, kuma bai kamata a ɓoye wa mutumin ba. Auta ta gaya masa. Ya ce ba komai, komai nufin Allah ne. Daga nan zuwansa ya fara ja baya, har ya ɗauke ƙafa.

Ranar da ta tabbata ba zai dawo ba, Auta ta tsaya a ƙofar ɗakin uwarta ta ce, “Mama, me ƙungiyarku ta taɓa ba mu? Sunan ciwo kawai. Da ba mu sani ba da yanzu ina ɗakina.”

“Da kina ɗakinki, ki binne na fari ba ki san dalili ba.”

“Ke da kika san dalilin, ya dawo miki da su?”

Sun yi watanni gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Ita dai ta ci gaba da zuwa ɗakin baya, ko da yake akwai yammacin da ta zauna gaban kwamfuta ba ta buga ko kalma ɗaya ba.

Daga baya Auta ta auri wani malamin lissafi, mutum mai sanyin hali. Shi da aka gaya masa, sai ya nemi ganin Farfesa, ya yi ta tambaya har Farfesa da kansa ya duba agogo. Sannan ya ce ya ji ya gani. Haihuwar farko namiji ne. A lokacin na’urar ta fita daga akwati, ana gwajin a nan cikin asibiti. Sakatariya ce ta kai jinin jikanta ɗakin gwaji da hannunta. Wata likitar yara, tsohuwar ɗalibar Farfesa, ɗaya daga cikin ’yan kaɗan da suka dawo, ita ta fito da sakamakon. Ta kama hannun Sakatariya ta ce, “Mama, mu zauna.”

Abin da ya bambanta wannan yaro da kawunnansa shi ne lokaci. Bayan shekara da shekaru ana rubuta wasiƙu, ana zaman jira a ofisoshi, ana komawa, hukuma ta amince ta kawo ruwan garkuwa, a wannan asibiti kaɗai. Farfesa ya tsufa, ciwon suga ya cinye masa ƙafa ɗaya. A keken marasa lafiya aka turo shi ranar da aka fara ɗaura wa yara, jikan Sakatariya na cikinsu. Ya kalli ruwan yana ɗiga, bai yi jawabi ba, abin da ya ba kowa mamaki. Kafin shekara ta zagayo ya rasu, Likitar Yara ta karɓi shugabancin ƙungiya.

Yaron ya yi ƙiba, ya yi tafiya, ya shiga makaranta. Kakarsa take ce masa Ango. In ya shigo sai ta ce, “Angona, yau ma hannu rabbana? Ina cefane?” Shi kuma ya ce, “Ni na fasa, kin tsufa, haƙoranki ma ba su cika ba.” Duk wata ita take raka shi ƙarin ruwa, don uwarsa ba ta iya kallon allurar. Ya kwanta ya miƙa hannu ba kuka, yana ba ta labarin ’yan ajinsu. Waɗannan shekaru su ne mafi sauƙi a rayuwarta, har Auta takan biyo ta ɗakin baya da abinci ta zauna su yi hira.

Sai ruwan ya yanke. An sauya manya a ma’aikatar da ke sayo magunguna, sababbin suka ce za su duba komai daga farko. Wata ya wuce, wani ya bi shi. Likitar Yara ta raba ɗan abin da ya rage ga waɗanda suka fi rauni, shi ma ya ƙare. Sakatariya ta buga wasiƙa, ta buga wata, ta kai da ƙafarta, ana ce mata mai sa hannu ya yi tafiya. Wayar ɗakin baya ba ta daina ƙara ba, iyaye na tambaya ko ya zo. Ta riƙa cewa, “Tukuna, ’yar’uwa. A hana shi zuwa makaranta dai, a riƙa tafasa masa ruwa.”

Ango ya fara tari lokacin damina. Cikin mako guda aka kwantar da shi, a ɗakin yaran da kawunnansa suka kwanta, fenti kawai aka sauya. Zazzaɓi ya ƙi sauka, kunnen hagu ya fashe da ruwa. Auta ta zauna a gefen gadon ba ta ci ba ta sha, ba ta kuma kallon uwarta. Malamin lissafi ne yake shiga tsakaninsu da ’yan maganganu, ya ce wa wannan ga ruwa, ya ce wa waccan ta je ta ɗan huta.

Taron shekara na ƙungiya ya faɗo a wannan tsakanin. Likitar Yara ta gayyaci manyan ma’aikatar, ta roƙi Sakatariya ta yi magana. Duk tarukan da ta shirya ba ta taɓa hawa dandamali ba, kullum tana bakin ƙofa tana raba takardu. Ta hau da kayan da ta kwana da su a jinya. Ba ta iya jawabi ba, sai ta ba da labarin Babban Mutum, da Direba, da wanda ke kwance a bene na sama. Ta ce, “Na farko da na biyu ba a san abin da ke damunsu ba, ban riƙe kowa a zuciya ba. Wannan an sani. Maganinsa ma an sani.” Ta tsaya tana neman abin da za ta ƙara, ba ta samu ba, ta sauko. Aka tafa. Babban baƙo ya ce maganar ta taɓa shi ƙwarai, ya ɗauki hoto da ita, ya tafi wani taron.

Ruwan ya dawo bayan wasu makonni. Ko maganarta ce, ko jaridar da ta ɗauki labarin, ko dai duban nasu ne ya ƙare, ba wanda ya sani. Ango ya tashi, amma kunnen hagu ya mutu, huhunsa kuma ya sami tabon da ba ya gogewa. Ya zama yaro mai tarin safe, wanda in ya hau bene sai ya tsaya a tsakiya ya huta. Cikin yaran da take yi wa iyayensu waya, akwai waɗanda ba su kai dawowar ruwan ba. Ita ta kira ta yi musu ta’aziyya, ɗaya bayan ɗaya.

Ta yi ritaya daga asibiti, amma ba ta bar ƙungiya ba sai da idonta ya daina ganin allon kwamfuta. A lokacin ƙungiyar ta yi girma, tana da rassa a garuruwa, an koma sabon ofis mai sanyi a hawa na uku, an ɗauki wata matashiya mai digiri. Aka yi mata walimar ban kwana, aka ba ta agogon bango. Yawancin waɗanda suka yi jawabi ba su taɓa ganin ɗakin baya ba, wanda asibiti ya sake mayarwa wurin ajiya. Ta koma gidan Auta da zama. Ita da ’yarta ba su sake tayar da tsohuwar magana ba. Auta ce ke yanke mata farce, tana yi tana mita cewa ba ta zama wuri ɗaya.

Ango ya zama saurayi, siriri, mai juyo da kunnen dama in ana magana. Ya gaji kan ubansa a lissafi, yana shirin shiga jami’a lokacin da ciwon ƙarshe ya kama kakarsa. Zuciya ce ta kumbura, ƙafafu suka cika da ruwa. Aka kwantar da ita a ɗakin mata na bene na biyu, gadonta a jikin taga. Ɗakin cike yake da masu tari, don haka Likitar Yara ta hana Ango shiga. Ya yi gardama, ya ce zai sa takunkumi. Sakatariya ta aika masa da Auta cewa in ya tako ɗakin nan ba ita ba shi.

Sai ya riƙa zuwa kullum da yamma ya tsaya a filin ajiye motoci, daidai ƙarƙashin tagar, ya kira ta a waya. Auta ta tayar da ita zaune ta jingina ta da filo. Idonta ba ya rarrabe fuska daga nesa, abin da take gani kawai wani dogon abu ne fari a tsakanin motoci.

“Kai ne mai farar riga?”

“Ni ne, tsohuwa. Ɗaga hannu in gani.”

Ta ɗaga. Ta tambaye shi ko ya je ƙarin ruwan wannan watan, ya ce ya je, shi kaɗai, ba abin da ya cinye shi. Ta ce ya bar tsayuwa a nan, hayaƙin motoci ba ya yi wa ƙirjinsa kyau. Ya ce to, bai tafi ba.

Ta rasu wata safiya ana raba magani, Auta na gefenta. Ƙungiya ta fitar da sanarwa a mujallarta, shafi guda da hoto, aka ce tana cikin waɗanda suka kafa ta, ko da yake ba ta taɓa zama mamba ba, don dokar ƙungiya ta ce sai masana. Likitar Yara ce ta rubuta, ta kawo wa Auta kwafi har shago. Ta tarar da Ango a can yana jiran uwarsa, ta saurari tarinsa, ta ce ya zo asibiti ta duba shi kafin ya tafi makaranta, ta kuma ba shi sunan wani ɗan ƙungiya da ke aiki a garin da zai je.